Hector Berlioz: Makaɗin da Ya Mayar da Ciwon So Kiɗa

An haifi Hector Berlioz a ranar 11 ga Disamba, 1803, a ƙaramin garin La Côte-Saint-André da ke kudu maso gabashin Faransa. Mahaifinsa likita ne, kuma ya so ɗan ya gaje shi, shi ya sa ya tura shi birnin Paris karatun likita a 1821. Amma hankalin saurayin yana kan kiɗa. Ya watsar da karatun, ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1826. Da iyayensa suka janye masa kuɗin guzuri, sai ya riƙa yin amshi a wani gidan wasa domin ya ci abinci.

A Satumban 1827 wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo daga Ingila ta kawo wasannin Shakespeare birnin. Berlioz bai jin Turancin Ingilishi, duk da haka da ya ga Harriet Smithson, 'yar ƙasar Ailan, ta fito a matsayin Ophelia sannan Juliet, sai sonta ya kama shi. Ya yi ta aika mata wasiƙu, ita kuwa ba ta ba shi amsa ba.

Daga wannan ƙunci ya tsara Symphonie fantastique, wadda aka fara kaɗawa a ranar 5 ga Disamba, 1830. Kiɗa ne zalla mai kashi biyar, babu waƙar baki, kuma labarin wani matashi yake bayarwa wanda so ya sa ya sha ƙwayar maye, ya yi mafarkin ya kashe masoyiyarsa, aka kai shi wurin fille kai. Berlioz ya ware wa matar karin sauti guda da ke dawowa a kowane kashi, yana sauya kama. A kashin ƙarshe ya murɗa sautin ya zama abin ba'a a taron mayu. Wato a bainar jama'a ya hukunta macen da iyakar laifinta shi ne rashin amsa wasiƙar wanda ba ta sani ba.

Shekarar ta zo da guguwar siyasa. A watan Yuli, lokacin da mutanen Paris suka tumɓuke Sarki Charles na Goma, Berlioz yana kammala aikin gasar da ta ba shi tallafin karatu a Roma. Yana fitowa ya bi masu zanga-zanga, ya kuma sake tsara taken La Marseillaise domin babbar ƙungiyar makaɗa. A Italiya ne labari ya same shi cewa wata budurwar da suka yi alkawari, Camille Moke, ta auri wani. Ya kama hanyar Paris da bindiga da kayan mata na ɓad-da-kama, da niyyar kisa, sai da ya isa Nice hankali ya dawo masa.

A Disamban 1832 Harriet ta halarci kiɗan, ta gane da ita ake. Suka yi aure a ofishin jakadancin Birtaniya a Oktoban 1833, Franz Liszt yana cikin shaidu, aka haifa musu Louis a 1834. A lokacin bashi ya yi mata katutu, ta karye a ƙafa, kasuwarta ta ja baya. Shi kuwa da rubuce-rubucen sharhi a jaridar Journal des Débats yake riƙe gida. Kyautar faran 20,000 da gwanin goge Paganini ya yi masa a 1838 ita ta ba shi sararin tsara Roméo et Juliette a 1839, inda ya hana mawaƙa furta hirar masoyan, ya bar wa kayan kiɗa su faɗe ta.

Auren bai ɗore ba. Harriet ta faɗa shaye-shaye, shi kuma ya koma wa mawaƙiya Marie Recio. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Harriet tun 1848, kuma shi ya ɗauki nauyin jinyarta har ta rasu a 1854. A wannan shekara ya auri Marie, wadda ta rasu a 1862. Ciwon shawara ya kashe Louis a Habana ta ƙasar Kyuba a 1867.

A Jamus da Rasha ya fi samun daraja fiye da gida. Ya rasu a Paris ranar 8 ga Maris, 1869, aka binne shi a maƙabartar Montmartre kusa da matansa biyu. Har yau ana kaɗa Symphonie fantastique a manyan ɗakunan kiɗa na duniya, kuma mafi yawan masu sauraro ta bakin Berlioz kaɗai suka san Harriet Smithson, duk da cewa ta yi suna a Paris tun kafin kowa ya san shi.