Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Jama'a Ce Jarinsa

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda a lokacin rasuwarsa a 1955 ake ganin babu mai dukiyarsa a duk Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikinmu mun san labarin raƙuma 20 da suka kai masa kuɗin azurfa banki a Kano. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar da kuɗin suka biyo kafin su hau bayan raƙuman. Da na bi diddigin rayuwarsa sai na ga ashe ta hannun mutane suka biyo, mutanen da ya sani, suka san shi, ya amince musu, suka riƙe amana.

An haifi Alhassan a garin Bebeji cikin ƙasar Kano a 1877. Zuriyarsu Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin manyan rukunonin fatake na ƙasar Hausa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Abdullahi ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami, mahaifiyar ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka samu Ɗantata. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, yana kuma taɓa 'yar sana'a domin ya ciyar da kansa.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu fahimci irin fataucin da aka haife shi a ciki, domin a nan asirin yake. Ayarin Gwanja yakan tashi daga ƙasar Kano da kanwa da turkuɗi da fatu da sauran kayan saƙa, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya isa kasuwar Salaga inda ake samun goron ƙasar Asante. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. Babu banki, babu waya, babu kotun da za ta bi wa mutum bashinsa a ƙasar wasu. To me ya riƙe wannan ciniki? Madugu ya san sarakunan hanya da abin da za a biya kowannensu. A kowane zango akwai maigida, Bahaushe mazaunin garin, wanda zai sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba shi kaya bashi. Ga harshe ɗaya, ga addini ɗaya, ga auratayya tsakanin gidaje. Wanda ya ci amana a Salaga, labarinsa zai riga shi isa Kano, kuma daga ranar babu zangon da zai sake buɗe masa ƙofa. Ashe ke nan sunan mutum shi ne takardar lamuninsa.

Alhassan bai shiga wannan harka da sauƙi ba. A yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Agalawa sun bi bayan Tukur, kuma Tukur ne aka ci. An kama Alhassan da 'yan uwansa, sai daga baya suka samu fansa. Ya fito ba shi da dukiya, amma yana da abin da yaƙi bai iya kwashewa ba, wato sunan gidansu da sanin hanya. Tun yana saurayi ya bi fatake har ya je ya ga mahaifiyarsa a Ankara, ya ga yadda Hausawa suka zauna a zangunan bakin teku, ya dawo gida da idonsa a buɗe.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai hanyoyin ciniki suka fara sauyawa. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa ba dole ba ne goro ya biyo tsohuwar hanyar jakuna. Ya riƙa sauka Ikko ta Ibadan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sakandi, ya sayi goro a Kumasi, ya dawo da shi ta teku. Goro kaya ne mai son kulawa, sai an naɗe shi a huhu da ganye, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama. Duk kwanan da aka rage a hanya riba ce. Sai dai mu lura, jirgin ruwan na kowa ne mai kuɗin shiga. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne a kowane masauki yana da wanda zai karɓi kaya, ya biya, ya tura gaba, ko da shi ba ya nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai domin masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. A nan kamfanonin Turawa suka gamu da matsala. Suna da kuɗi, suna da sikeli, suna da jirgi, amma ba su san manomi ba, manomi kuma bai san su ba. Bature ba zai iya zagaya ƙauyuka yana tara gyaɗa mudu mudu ba. Dole sai an samu wanda yake da mutane a ƙasa, kuma babu masu wannan sai tsofaffin fataken goro.

A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan, wanda a lokacin ya riga ya dawo birnin Kano da zama a unguwar Sarari, ya riƙa saya masa gyaɗa. Tsarin da ya bi shi ne na fatauci, kaya kawai aka sauya. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowane yaro da yankinsa. Yaran su ma suna da nasu wakilan a ƙauyuka, waɗanda suka san wane manomi ne mai cika alkawari. A ba manomi gishiri ko tufafi ko kuɗin biyan haraji, idan kaka ta yi ya biya da gyaɗa. Daga nan jakuna da raƙuma su ɗauko ta zuwa Kano, a auna, a zuba a buhu, a jera ta jiran jirgi. Irin wannan jeri ne ya zama dalar gyaɗa da muka gani a littattafanmu na makaranta. Mafi yawan wannan hulɗa babu takarda a tsakani, sanayya ce da amana tun daga sama har ƙasa.

Zuwa 1922 an riga an san shi ne ya fi kowa dukiya a Kano, ya wuce manyan attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A farkon shekarun 1920 ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya kuma biya ta Ingila. A 1929 bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, shi ne lokacin da ya kai ajiyar nan ta raƙuma 20. A shekarar ce kuma Niger Company ya haɗe da wani kamfanin aka kafa UAC, Alhassan ya zama babban mai saya musu gyaɗa. Duk da haka bai saki goro ba, bai saki cinikin shanu da tufafi da duwatsun ado ba. Mutanen da suka tara masa gyaɗa su ne suka sayar masa da kayan kanti a ƙauyukan, hanya ɗaya tana aiki biyu. An kuma san shi da tsimi da rashin almubazzaranci.

Gaskiya ta sa in faɗi ɗaya gefen. Irin wannan saƙa ba kowa take yi wa daɗi ba. Kamfanonin Turawa ne a samanta, su ke yanke farashi, kuma da kasuwar duniya ta faɗi a shekarun 1930 manomi ne ya fi jin jiki, musamman wanda ya riga ya ci bashi tun da damina. Haka nan saurayin da ba shi da ubangida, komai ƙwazonsa, da wuya ya samu jari. Hanyar da ta ɗaga na ciki ita ce ta tsare na waje. Abin yabo a wurin Alhassan shi ne gidansa ya zama makaranta, yara da dama sun shiga da hannu biyu sun fita da jarin kansu.

Da ajali ya matso ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kasuwancin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Gyaɗar da ta ɗaukaka sunansa ta ja baya a shekarun 1970 saboda fari da cutar da ta kama ta a 1975 da kuma komawar hankalin ƙasa kan man fetur, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Dalar gyaɗa ta ɓace, gidan bai ɓace ba. 'Ya'yansa irin su Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025, sun juya zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

'Yan uwa, Hausawa sun ce sabo da maza jari ne, amma ina jin tsoron yadda muke fahimtar maganar a yau. A aikin gwamnati na sha ganin masu zuwa ofis suna tsammanin sanayya ita ce a tsallake layi, a rufe ido ga ƙa'ida, a ba ɗan uwa kwangilar da ba zai iya ba. Wannan alfarma ce, kuma ita ke kashe ma'aikata da kasuwa. Sanayyar fatake tana da sharaɗi: wanda ya tsaya maka ya jingina sunansa ne, idan ka gaza shi ma ya faɗi, saboda haka ba ya tsaya wa kowa sai wanda ya gwada. Mu ma a wannan ƙungiya akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da manoma da injiniyoyi, mun kuma san halin juna tun muna kwana a ɗaki ɗaya. Idan ƙanenmu ya zo neman jari ko hanya, mu gwada shi da kaɗan, idan ya cika mu ƙara masa, mu gabatar da shi ga na gaba, ko da ba ɗan garinmu ba ne. Wanda aka tsaya wa kuma ya tuna cewa sunan wani yake ɗauke da shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta wa malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya ƙara mana zumunci da riƙon amana. Amin.