Sergei Winogradsky: makaɗin fiyano da ya gano masu dafa wa shuka taki

Manomin da ke roƙon makiyayi ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi ya san abin da yake nema: kashin dabba na gyara hatsi. Sai dai saiwar hatsi ba ta cin kashin shanu yadda ya faɗo. Dole wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su sarrafa shi tukuna. Wanda ya fara ware wasu daga cikinsu har ya raɗa musu suna shi ne Sergei Winogradsky.

An haife shi a 1856 a birnin Kiev, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Rasha, a gidan masu hali. Kiɗan fiyano ya fara koyo a Saint-Pétersbourg, ya yi shekara biyu ya watsar, ya koma jami'a nazarin tsirrai. A 1885 ya tafi Strasbourg, inda ya duƙufa kan wata bakteriya mai suna Beggiatoa da ke zaune a ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya gano cewa daga farar wuta take samun ƙarfinta. Kafin nan, masana sun ɗauka duk wani mai rai ko dai da hasken rana yake rayuwa, ko da cin abin da wani mai rai ya bari.

Aikin da ya fi shafar manomi a Zurich ya yi shi, daga 1888. Idan taki ko fitsarin dabba ya ruɓe, yana sakin amoniya, wannan warin mai hawa kai da ake ji a garke. Tun 1877 Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa wani abu mai rai ne ke juya amoniya ta zama nitrat, nau'in azot ɗin da saiwa ke sha cikin sauƙi. Amma kowa ya yi ƙoƙarin kama abin, sai ya kuɓuce. Dalili kuwa, masu bincike na ba shi abinci mai maiƙo irin wanda ƙwayoyin cuta ke so, shi kuma ba ya ci. Winogradsky ya ba shi ruwa da gishirin ma'adinai kawai, sai ga shi ya yaɗu. Ashe ma ƙungiya biyu ce: Nitrosomonas na mai da amoniya nitrit, Nitrobacter na ƙarasa ta zuwa nitrat. Takin zamani na ure da ake saye da tsada a kasuwa ma ta hannunsu yake bi. Kuma da yake nitrat ba ya riƙe ƙasa, ruwan sama mai ƙarfi kan tafi da shi a jigawa, abin da ya sa zuba takin duka lokaci guda asara ce.

Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake, inda bakteriya ke kamo azot daga iska, ba shi ya gano sirrinsu ba; aikin Jamusawa ne, Hellriegel da Wilfarth, da Beijerinck ɗan Holand. Nasa rabon shi ne wata bakteriya mai irin wannan aiki ita kaɗai a cikin ƙasa, ba tare da ta jingina da wata shuka ba. Bayan ya koma Saint-Pétersbourg ya same ta, ya sa mata sunan Pasteur, mutumin da ya taɓa gayyatarsa Paris ya ƙi zuwa.

A 1905, yana tsakiyar shahara, ya ajiye bincike ya koma gonarsa a Gorodok, cikin Ukraine ta yau. Juyin juya halin 1917 ya raba shi da gonar da dukiyar, ya yi hijira zuwa Belgrade. A 1922 Émile Roux, shugaban Cibiyar Pasteur, ya kira shi ya ba shi ɗakin bincike a Brie-Comte-Robert, kusa da Paris. Yana da shekara 66, lokacin da wasu ke neman tabarmar hutu.

A can ya dinga sukar abokan aikinsa da ke raba bakteriya da mazauninta, su kiwata ta a kwalba, sannan su yanke hukunci kan abin da take yi a gona. A ganinsa ƙasa gari ce mai cunkoso, inda kowa ke gasa da maƙwabcinsa, don haka a cikin ƙasar ya kamata a dube ta. Gaskiyarsa ce, kuma ta shafi Nijar: sakamakon da aka samu a baƙar ƙasar Turai ba lalle ya yi daidai da rairayin Sadoré ko na Maraɗi ba.

Ƴarsa Hélène ta yi aiki tare da shi shekaru da dama. A 1949 ya tattara bincikensa cikin littafin Microbiologie du sol. Ya rasu a watan Fabrairun 1953 yana da shekara 96.

Har yau ɗalibai na yin gwajin da ke ɗauke da sunansa: a cika doguwar kwalba da laka, ko ta bakin kogin Isa ce, a haɗa da gwaiduwar ƙwai da yagaggiyar takarda, a rufe a ajiye inda haske ke samu. Bayan makonni sai lakar ta yi hawa-hawa, baƙi a ƙasa, ja da kore a sama, kowane launi da masu zama a cikinsa.