Pete Maravich: Gwanin Ƙwallon Kwando Da Ya Sami Salama

An haifi Pete Maravich a Amurka a 1947. Mahaifinsa, Press, shi ya koya masa ƙwallon kwando tun yana yaro, kuma a hannunsa ya yi wa Jami'ar Jihar Luwiziyana wasa daga 1967 zuwa 1970. Cikin wasanni 83 ya ci maki 3,667. Har yau babu namijin da ya kamo shi a babban rukunin jami'o'in ƙasar.

Ya shekara goma a gasar ƙwararru ta NBA. Ga kuɗi, ga suna, amma babu kwanciyar rai. Mahaifiyarsa ta kashe kanta a 1974, shi kuwa giya ta yi masa katutu. Da ciwon gwiwa ya raba shi da wasa a 1980, sai ya janye daga mutane.

A 1982 ya karɓi Yesu Kristi, ya shiga ba da shaida gari gari. Ran 5 ga Janairu 1988 ya faɗi yana wasa a zauren wasannin wata majami'a a Kalifoniya, ya rasu yana da shekara 40. Likitoci suka tarar an haife shi babu ɗaya daga manyan jijiyoyin zuciya. Ashe duk shekarun nan alherin Allah ne ke riƙe da shi.