Grace Hopper: Sojar ruwan da ta sama wa kwamfuta tafinta

Duk mai rubuta manhaja ya san takaicin saƙon kuskure mai yaudara, inda kwamfuta za ta nuna layi kaza alhali ɓarnar tana wani wuri daban. A Turance ana kiran irin wannan aibi da sunan ƙwaro, kuma babu wanda aka fi danganta sunan da shi kamar Grace Hopper.

An haife ta a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta kuma koyar a Kwalejin Vassar. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga rundunar sojin ruwa ta ko-ta-kwana, aka tura ta Jami'ar Harvard aiki da na'urar Mark I ƙarƙashin Howard Aiken.

Ranar 9 ga Satumba, 1947, na'urar Mark II ta sami tangarɗa. Da aka bincika, sai ga faɗa-wuta maƙale a wani makunnin lantarki. Ma'aikatan suka ciro shi, suka manna a littafin rajistar aiki, wanda yanzu yake gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Sai dai labarin kansa yana ɓatar da mutane. Ba ita ta ƙirƙiro kalmar ba, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita tun 1878. Abin da ta yi shi ne yawan ba da labarin har ya bazu.

Babban aikinta ya fi wannan ƙwaro nauyi. A lokacin da ake rubuta umarni da lambobi zalla, kuskuren lamba guda kan cinye kwanaki ana nema. A 1952 ta haɗa A-0, manhajar da ke tafinta tsakanin mutum da na'ura, ko da yake da yawa sun ƙi yarda kwamfuta za ta iya wani abu ban da lissafi. Harshenta na FLOW-MATIC ya zama tushen COBOL a 1959, wanda har gobe manyan bankuna da hukumomi ke lissafin kuɗi da albashi da shi.

Ta yi ritaya a 1986 tana da shekara 79, da muƙamin Riya Admiral. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.