Martin Luther, malamin da ya raba hanya da Paparoma

A Maradi, Damagaram ko Yamai, Kiristoci ba a majami'a guda suke ibada ba: ga ƴan Katolika, ga ƴan Furotesta. Tushen wannan rabuwa yana Jamus, wajen wani malami mai suna Martin Luther.

An haife shi ran 10 ga Nuwamba 1483 a garin Eisleben. Mahaifinsa, mai sana'ar haƙar jan ƙarfe, ya so ya zama lauya. Amma a 1505 tsawa ta faɗi kusa da shi a hanya, ya yi alkawarin ba da ransa ga ibada in ya tsira. Ya cika alkawari, ya zama fada a 1507, daga baya ya koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg.

A lokacin ana sayar wa jama'a takardun sassaucin azabar zunubi, wani kaso na kuɗin kuma yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Luther ya ga talaka na ba da guminsa yana zaton ya sayi gafara. Ran 31 ga Oktoba 1517 ya aika wa babban bishop na Mainz hujjoji 95 na sukar wannan ciniki. Injin buga littattafai ya baza su ko'ina cikin Jamus.

Daga nan gardama ta wuce batun kuɗi. A ganinsa, ceto kyautar Allah ce da ake samu ta bangaskiya kaɗai, kuma Littafi yana gaba da maganar Paparoma. Cikin ibadu bakwai masu tsarki na Katolika, biyu ya riƙe: baftisma da jibin Ubangiji. Paparoma Leo na 10 ya kore shi daga coci a Janairun 1521. A watan Afrilu, gaban sarki Charles na 5 a Worms, ya ƙi janye rubuce-rubucensa, ko da yake ya san an ƙone Jan Hus a 1415 kan irin wannan zargi.

Yariman yankinsa ya ɓoye shi a fadar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Cikakken Littafin ya fito a 1534. A 1525 ya auri Katharina von Bora, suka haifi ƴaƴa shida. Shi ya sa fasto ke aure, fada na Katolika kuwa ba ya yi.

Su ma masu neman gyaran kansu bai haɗu ba. A Marburg, a 1529, Luther da Zwingli na Suwizalan sun daidaita kan batutuwa 14, suka saɓa a na 15: Luther ya ce Almasihu yana cikin gurasa da ruwan inabi da gaske, Zwingli ya ce alama ce ta tunawa.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Ya goyi bayan murƙushe tawayen manoma a 1525, kuma a 1543 ya yi mummunan rubutu kan Yahudawa, wanda majami'u da dama masu ɗauke da sunansa suka yi tir da shi daga baya.

Ya rasu ran 18 ga Fabrairu 1546 a garin haihuwarsa. Sai a 1999, a Augsburg, Katolika da mabiyansa suka sa hannu kan matsaya guda game da ceto. Batun ikon Paparoma kuwa har yau yana nan.