Charles Dalziel, injiniyan da ya auna juriyar ɗan Adam ga wutar lantarki

A gidaje da masana'antu da yawa na duniya akwai wata ƙaramar na'ura a cikin akwatin rarraba wuta, wadda ke katse lantarki nan take idan ya fara zurarewa zuwa ƙasa ta jikin mutum ko ta jikin inji. Ɗaya daga cikin mutanen da suka aza harsashin wannan kariya shi ne marigayi Farfesa Charles Francis Dalziel na ƙasar Amurka, wanda ya shafe shekaru yana neman amsar tambaya guda: yawan wutar da jikin mutum zai iya ɗauka kafin ta kai shi ga halaka.

An haifi Dalziel a shekara ta 1904 a jihar Kalifoniya da ke yammacin Amurka, a zamanin da wayoyin lantarki ke ta bazuwa daga manyan birane zuwa ƙananan garuruwa da gonaki. Ya karanci injiniyancin lantarki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya kammala digirinsa na farko a 1927.

Bayan kammala karatu ya yi aiki da kamfanin General Electric, daga nan ya koma kamfanin da ke samar da wuta a birnin San Diego. A 1932 ya dawo jami'ar da ta yaye shi a matsayin malami, kuma a nan ya ci gaba da koyarwa da bincike har ya yi ritaya a ƙarshen shekarun 1960.

Fiyus na kare waya ne

A lokacin da Dalziel ya fara aiki, abin da aka dogara da shi wajen kariya shi ne fiyus da kuma makatsin wuta, wanda masu aikin lantarki ke kira bireka. An ƙera su ne domin su katse wuta idan ta yi wa waya yawa, don kada wayar ta yi zafi ta haddasa gobara.

Matsalar ita ce, wutar da ke ƙona waya ta ninka wadda ke kashe mutum sau ɗari ko fiye. Makatsin wuta na gida a Amurka yakan jira sai kwararar wuta ta haura amfiya 15 kafin ya motsa. Amfiya ɗaya kuwa miliamfiya dubu ce, ke nan ana maganar miliamfiya 15,000. Mutumin da ya taɓa wayar da ke ɗauke da wuta da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarsa kuma tana kan danshi, wutar da za ta ratsa shi takan kai kimanin miliamfiya ɗari da 'yan kai. Wannan ya isa ya tsayar da zuciyarsa, alhali makatsin wutar bai ma san an yi komai ba.

Kafin a ƙera na'urar da za ta ceci mutum, dole sai an san a wane mataki ya kamata ta katse wutar. Idan aka sa ta ƙasa sosai, za ta riƙa ɗauke wuta ba gaira ba dalili har mutane su gaji su cire ta. Idan aka sa ta sama sosai, sai ta katse bayan rai ya riga ya fita. Babu wanda yake da ingantattun alkaluma a kan haka, kuma wannan giɓi ne Dalziel ya ɗaura aniyar cikewa.

Gwaji a kan mutane

Tun daga farkon shekarun 1940 ya fara buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi tare da haɗin gwiwar likitoci. Masu sa kai ne suka miƙa kansu. Mutum zai riƙe wayar tagulla a hannu ɗaya, wani sashe na jikinsa kuma yana kan farantin ƙarfe, sannan a riƙa ƙara wutar sannu a hankali, ana umartarsa da ya saki wayar a kowane mataki.

A wajen miliamfiya ɗaya mutum ke fara jin tsikari a yatsunsa. Da wutar ta ƙaru sai tsokar hannu ta fara ɗaurewa, har a kai matakin da mutum yana cikin hayyacinsa, yana son ya saki wayar, amma hannun ya ƙi buɗewa. Dalili shi ne tsokar da ke dunƙule yatsu ta fi wadda ke buɗe su ƙarfi, don haka idan wuta ta motsa su gaba ɗaya, sai hannu ya ƙara damƙe abin da ke cutar da shi.

Dalziel ya auna wannan iyaka a jikin maza 134 da mata 28. Ya gano cewa matsakaicin abin da namiji zai iya saki shi ne kimanin miliamfiya 16, mace kuma kimanin 10.5. Amma bai tsaya a matsakaici ba, domin kariyar da aka gina a kan matsakaicin mutum za ta bar rabin jama'a cikin haɗari. Ya lissafa matakin da kusan kowa zai iya saki, ya samu miliamfiya 9 ga maza da 6 ga mata.

Ya kuma nuna cewa wutar da ke kai da komo, irin wadda ake rarrabawa a gidaje, ta fi riƙe hannu a kan wutar batir mai tafiya hanya guda, kuma saurin kai da komo sau 50 zuwa 60 a daƙiƙa, wanda duniya ta zaɓa wa gidajenta, yana cikin mafi muni ga jikin mutum.

Sauran tambayar ita ce ta zuciya. Idan wuta ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya, ta koma karkarwa kawai ba tare da tura jini ba, kuma cikin mintuna kaɗan mutum ya mutu idan ba a kai masa ɗauki ba. Ba zai yiwu a gwada wannan a kan mutane ba. Sai Dalziel ya tattara sakamakon gwajin da wasu masana suka yi a kan dabbobi irin su tumaki da karnuka, ya danganta shi da nauyin jiki da kuma tsawon lokacin da wutar ta ɗauka tana ratsawa.

Daga nan ya fitar da wani lissafi da ya nuna cewa mutum mai nauyin kilo 50 zai iya tsira daga kimanin miliamfiya 116 idan ta ratsa shi na daƙiƙa ɗaya, da kuma ninkin haka idan lokacin ya ragu zuwa rubu'in daƙiƙa. Darasin a fili yake: saurin katse wuta yana da muhimmanci kamar yawanta. Har yanzu injiniyoyi na amfani da wannan lissafi wajen tsara ragar tagullar da ake binnewa a ƙarƙashin tashoshin rarraba lantarki domin kare ma'aikata.

Abin da ya fita dole ya dawo

A 1961 Dalziel ya ƙera na'urar da aka fi saninsa da ita, tare da haɗin gwiwar kamfanin Rucker, kuma ya samu takardar mallakar fasahar a 1965. A Amurka ana kiranta GFCI, wato makatsin da ke aiki idan wuta ta zurare zuwa ƙasa.

Hikimar da ke cikinta mai sauƙin fahimta ce. Wutar da ta fita ta waya ɗaya zuwa fitila ko firiji, dole ta dawo ta waya ta biyu ba ragi ba ƙari. Sai aka zura wayoyin biyu ta cikin wani zoben ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, aka naɗe zoben da siririyar waya ta uku. Muddin abin da ya fita daidai yake da abin da ya dawo, maganaɗisun da wayoyin biyu ke haifarwa yana soke juna, waya ta uku kuma ba ta jin komai.

Da zarar wani kaso na wutar ya sami wata hanya, ko ta jikin mutum ko ta bututun ruwa, sai ma'aunin ya karkata. Wayar ta uku takan ɗauki wannan ɗan bambanci, tiransista ta ƙara masa ƙarfi, makatsin ya buɗe cikin ƙasa da ƙiftawar ido. An saita na'urar a wajen miliamfiya 5, wato ƙasa da matakin da Dalziel ya gano cewa hannu na fara maƙalewa.

Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. A Afirka ta Kudu, inda haɗurran lantarki suka addabi mahaƙar zinariya, injiniya Henri Rubin ya ƙera na'ura mai kama da wannan tun 1955, kuma a 1957 da 1958 an saka ɗaruruwan irinta a gidajen ma'aikatan haƙar zinariya na Stilfontein. A ƙasar Ostiriya ma Gottfried Biegelmeier ya yi aiki mai zurfi a wannan fanni. Abin da ya bambanta Dalziel shi ne haɗa na'urar da alkaluman da aka auna a jikin mutane, da kuma amfani da tiransista wajen mayar da ita ƙarama mai saurin ji.

Dokar shimfiɗa wayoyi ta Amurka ta fara wajabta na'urar a 1968, a kan fitilun da ake sakawa a cikin ruwan wuraren ninkaya. Daga baya aka faɗaɗa dokar zuwa soket na wajen gida da wuraren gine-gine, sai banɗaki a 1975, sai ɗakin girki a 1987.

Daga gida zuwa masana'anta

A daidai waɗannan shekaru, masana'antun Amurka na fama da wata matsala mai tushe iri ɗaya. Manyan gine-gine sun koma amfani da wuta mai layi uku mai ƙarfin bolt 480. Idan rufin waya ya lalace, wuta takan yi tsalle ta cikin iska zuwa jikin akwatin ƙarfe, ta zama tartsatsi mai tsananin zafi da ba ya mutuwa da kansa. Wutar da ke bin wannan tartsatsi sau da yawa ba ta kai matakin da zai motsa babban makatsi cikin hanzari ba, don haka takan ci gaba da narkar da tagulla da ƙarfe har allon rarraba wuta ya ƙone ƙurmus.

Saboda haka a 1971 dokar ta wajabta kariyar zurarewar wuta zuwa ƙasa a kan manyan makatsai na amfiya 1,000 zuwa sama a irin wannan tsari, ta kuma hana a saita ta sama da amfiya 1,200. Dalziel ba shi ya ƙera waɗannan manyan na'urori ba, kuma manufarsu kare kayan aiki ne daga gobara, domin matakin da suke aiki ya fi ƙarfin jikin mutum nesa ba kusa ba. Sai dai ƙa'idar da suka dogara da ita ita ce dai ta ƙidaya abin da ya fita da abin da ya dawo.

Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen gano zurarewar. A hanya ta farko, kowanne daga cikin layuka uku yana da nasa zoben awo, wayar komowa ma tana da nata, sai kwakwalwar makatsin ta haɗa jimillar. Idan jimillar ba ta zama sifiri ba, to akwai wutar da ta kauce. Wannan ce aka fi samu a cikin makatsai na zamani.

A hanya ta biyu, ana zura dukkan wayoyin ta cikin babban zobe guda, kamar yadda Dalziel ya yi da wayoyi biyu. Ta fi saurin jin ƙaramar zurarewa, amma tana buƙatar wuri, kuma wayar ƙasa ba ta shiga cikin zoben, domin idan ta shiga, wutar da ta zurare za ta dawo ta cikinsa lissafin ya daidaita, na'urar ta ƙi motsi.

A hanya ta uku, ana ɗora zoben a kan mahaɗin da ya haɗa tsakiyar taransifoma da ƙasa, tunda duk wutar da ta zurare ta nan za ta bi ta koma gida. Wannan hanya na aiki daidai ne kawai idan mahaɗin guda ɗaya ne tak. A wurin da ake da janareta da wutar gwamnati, kowanne da nasa mahaɗin, wutar kan rabu gida biyu ta rikita awon.

A masana'anta kuma ana ba makatsai jinkiri daban-daban, ta yadda wanda ya fi kusa da wurin matsalar zai riga buɗewa, don kada lalacewar inji ɗaya ta jefa dukkan ginin cikin duhu.

Abin da ya bari

Dalziel ya rasu a 1986 yana da shekaru 82, lokacin da na'urarsa ta riga ta zama ruwan dare a sababbin gidajen Amurka. Rubutun da ya buga a 1956 kan tasirin jan lantarki ga ɗan Adam na cikin ayyukan da masana fannin ke komawa gare su har yau.

A Turai da ƙasashen da ke amfani da wuta mai bolt 230, ciki har da Najeriya, 'yar'uwar wannan na'ura ita ce ake kira RCD, kuma wadda ake sakawa domin kare rai ana saita ta ne a miliamfiya 30. Wannan mataki ya haura na maƙalewar hannu, amma yana ƙasa da na rikita zuciya, muddin na'urar ta katse da sauri.

Tana da iyakarta. Idan mutum ya riƙe wayar fita da ta komowa a lokaci guda ba tare da wuta ta bi ta ƙasa ba, na'urar ba za ta ga bambanci ba, domin a wurinta jikinsa tamkar fitila ne. Haka kuma takan lalace ba tare da an lura ba, shi ya sa masu ƙera ta ke saka mata maɓallin gwaji, wanda ke ƙirƙirar ɗan zurarewa da gangan. Idan aka danna shi wuta ba ta ɗauke ba, alama ce cewa kariyar ta daina aiki kuma na'urar na buƙatar sauyi.