Paul Durand-Ruel (1831–1922): Dillalin da Ya Sayi Abin da Kasuwa Ta Ƙi

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa mai fasaha ba ya tsayuwa sai da majingina. Kamar yadda makaɗin fada yake da ubangidan da ke ɗauke masa ci da sha da sutura, haka masu zanen hotuna na Turai suka daɗe suna dogara ga sarakuna da shugabannin coci da manyan attajirai. A ƙarni na 19 ne wani sabon mutum ya shiga tsakanin mai zane da jama'a, watau mai gidan nunin hotuna, wanda zai zaɓi aiki, ya baje shi, ya kuma nemo masa mai saye. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Bafaranshen da ya aza harsashin wannan sana'a, don a ga irin kasadar da ke cikinta.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Paul Durand-Ruel a birnin Faris ran 31 ga Oktoba, 1831. Iyayensa suna da kantin sayar da takardu da kayan zane, wanda sannu a hankali ya rikiɗe ya zama wurin cinikin hotuna. Da farko aikin soja ya so, har ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, amma rashin lafiya ya komo da shi kantin mahaifinsa. A babban baje kolin duniya da aka yi a Faris cikin 1855 ya ga ayyukan Eugène Delacroix, tun daga nan kuwa zuciyarsa ta karkata ga masu zane na zamaninsa. Da mahaifinsa ya rasu cikin 1865, sai ragamar gidan ta dawo hannunsa.

A wancan zamani ƙofa ɗaya ce mai zane yake bi ya yi suna, ita ce baje kolin hukuma na Faris, inda wani kwamitin alƙalai yake tace abin da za a rataya. Wanda kwamitin ya ƙi, to, kasuwa ma ta ƙi shi. Durand-Ruel ya fara gwada ƙarfinsa da masu zanen karkara irin su Rousseau da Millet da Corot. Ya riƙa sayen ayyukansu da yawa a lokaci guda, yana ajiyewa har darajarsu ta tashi.

Haɗuwarsa da Sababbin Masu Zane

Cikin 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Farusiya. Sai ya kwashe hajarsa ya yi ƙaura zuwa Landan, ya buɗe gidan nuni a can. A farkon 1871 ya haɗu da wasu 'yan gudun hijira biyu, Claude Monet da Camille Pissarro, ya fara sayen ayyukansu. Bayan komawarsa gida ya san abokansu, watau Renoir da Sisley da Degas. A ƙarshen wannan shekara ce matarsa ta rasu, ta bar masa 'ya'ya biyar, bai kuwa sake aure ba.

Waɗannan samari sun saɓa wa ƙa'idar malaman zane. Yawancinsu sukan fita fili su zana kogi ko titi ko gona kamar yadda haske ya faɗa a kansu a wannan sa'a, da ɗan gajeren shafin burushi wanda ba a goge ba. Ga idon mutanen lokacin, aikin ya yi kama da wanda ba a gama ba. Da suka yi nuninsu na farko cikin 1874, wani ɗan jarida ya laƙaba musu sunan 'yan Imfireshan don ba'a, sunan kuwa ya bi su. Nuninsu na biyu, cikin 1876, a gidan Durand-Ruel aka yi shi, jaridu kuma suka kwatanta su da mahaukata. Shi kuwa tun a watan Janairu na 1872 ya riga ya shiga ɗakin aikin Édouard Manet ya sayi hotuna 23 a tashi ɗaya, a kan faran 35,000.

Hanyoyin Aikinsa

Abin da ya bambanta shi da sauran dillalai shi ne ya ɗauki mai zanen kansa a matsayin jari. Yakan nemi ya zama shi kaɗai ke sayen aikin mutum, sa'an nan ya yanka masa kuɗin wata-wata, ya biya masa hayar gida da bashin tela da na likita, a cire daga hotunan da za su zo nan gaba. In an kai aikin mutanensa gwanjo, yakan shiga ya taya don kada farashi ya faɗi. Har ila yau yakan buga littattafan bayanin hotuna da mujallu. Cikin 1883 ya shirya wa Boudin da Monet da Renoir da Pissarro da Sisley nuni, kowa shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a saba yi wa mai zane mai rai ba. Daga baya ma ya buɗe gidansa na kwana ga baƙi, don su ga yadda hotunan suke zama a bangon ɗaki.

Wani abin lura shi ne, shi mutum ne mai riƙon ɗariƙar Katolika, mai son a maido da sarauta a Faransa, alhali Monet ɗan jamhuriya ne, Pissarro kuwa mai ƙin kowace irin hukuma. Wannan saɓani bai hana shi riƙe su ba.

Karayar Arziki da Farfaɗowa

Mai sayen abin da ba ya sayuwa dole ya ci bashi. Matsin tattalin arziki na 1873 ya tilasta masa rage saye har tsawon shekaru. Wajen 1880 ya sami rance daga Jules Feder na bankin Union Générale, ya koma saye gadan-gadan. A farkon 1882 bankin ya rushe, aka bukaci ya biya, ga shi kuwa ɗakunan ajiyarsa cike da hotunan da ba mai tayawa. Abokan hamayya suka yi ta yi masa dariya. Su kansu masu zanen suka fara ƙorafin jinkirin biya, har Monet ya soma hulɗa da wasu dillalai.

Mafita ta zo daga ƙetaren teku. Cikin 1886 aka gayyace shi Amurka, ya tafi Niyu Yok da hotuna wajen 300, ko da yake Monet bai so a kai aikinsa can ba. Amurkawa suka duba da idon basira, suka saya. Ba a jima ba ya buɗe reshe a birnin, 'ya'yansa maza suka riƙa kula da shi, Mary Cassatt kuma, Ba'amurkiya mai zane, ta jawo masa attajirai irin iyalin Havemeyer. Cikin 1891 ya baje hotuna 15 da Monet ya yi na tarin dammunan hatsi, aka yi rububinsu. Sai da ya haura shekara 60 kafin ya rabu da bashi. Cikin 1905 ya kai hotuna 315 Landan. Jama'a sun yi cincirindo, amma kaɗan aka saya.

Kammalawa

An ƙiyasta cewa hotuna kimanin 12,000 suka bi ta hannunsa, ciki har da na Renoir wajen 1,500, da na Monet fiye da 1,000, da na Pissarro wajen 800. Gwamnatin Faransa ba ta ba shi lambar girma ba sai cikin 1920. Ya rasu ran 5 ga Fabrairu, 1922, yana da shekara 90, zuriyarsa kuma suka ci gaba da gidan na Faris har 1974.

Ba za a ce Durand-Ruel waliyyi ne ba. Ɗan kasuwa ne, kuma dabararsa ta mallake aikin mutum kacokan takan ɗaure mai zane kamar yadda take ciyar da shi. Amma hanyoyin da ya shimfiɗa, wato nunin mutum ɗaya, da kuɗin wata-wata, da littafin bayani, da rassa a ƙasashen waje, su ne gidajen nuni suke bi har yau. Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci. Da bashin 1882 ya gama da shi, da mahaukaci za a kira shi tare da mutanensa. Wanda duk ke sha'awar wannan sana'a ya kamata ya san cewa za a nemi ya yanke hukunci a kan aiki tun jama'a ba su yanke ba, ya kuma ɗauki nauyin hukuncin na tsawon shekaru.